Ƙusar Da Ta Ƙi Karyewa

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan bayan ka sauka Birnin Kebbi lafiya, kai da kayanka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta. In ka isa gareji a Badariya ka gaishe mini da maigidanka Bulus, ka ce masa Garba mai jirgi na wajen Gulma yana nan yadda ya san shi, tsufa ne kawai ya ƙaru.

Za ka yi mamakin ganin takarda cikin jakarka, alhali jiya ma tabarma ɗaya muka zauna, kuma ka san biro ba abokina ba ne. Rabona da dogon rubutu tun ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri da shi. Abin da ke cikinta sau uku ina ɗauko shi a baki cikin makon nan ina mayarwa. Na iya tsawa, na iya faɗa, kunnenka shaida ne, amma wannan maganar ta fi ƙarfin bakina.

Maganar injin jirgin yayanka ce, wanda ka ɗaure cikin buhu ka tafi da shi. Kai ka ce in ka koyi aiki za ka tayar da shi ka maido shi gulbi, ni kuma na ce a yanka shi a raba kayan cikinsa, muka yi ta ja-in-ja har innarka ta ce mu bari haka nan. To, kafin ka yanke shawara akwai abin da ya kamata ka sani game da injin nan da rasuwar yayanka, wanda na ɓoye muku shekara biyu. Na san in ka karanta, da wuya ka ƙara kallona da idon da kake kallona yanzu. Wannan nake tsoro fiye da komai, kuma tsoron ne ya kai ni inda nake.

Kana ɗan firamare na sayi injin, na hannu, mai ƙarfin doki ashirin da biyar. Kafin nan da gwangwala da filafili nake ƙetarar da mutane, yadda ubana ya yi. Ranar da na fara tayar da shi a mashiga ban san inda zan sa kaina ba don murna. Wajen kula kuwa ban yi masa rowa ba. Ban taɓa rage masa baƙin mai a cikin fetur ba, ban taɓa barin yashi ya toshe masa hanyar ruwa ba. Abu guda ne ya haɗa ni faɗa da shi, shi ne fil.

Ka san farfela ba manne take da sandarta ba. Akwai ɗan ƙarfe mai laushi, bai kai ɗan yatsa ba, da ake zurawa ta ramin sandar ya riƙe ta, shi muke kira fil. Da gangan aka yi shi da laushi, don in farfela ta bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa shi ya karye, farfela ta saki, inji da jirgi da mutanen ciki su tsira. Sai dai gulbinmu in ya cika ba abin da ba ya ɗaukowa, ga ciyawar burugu, ga tudun yashi da ke canza wuri kowace shekara, ga kututture. Sai ka ga fil ya karye a tsakiyar ruwa, ka ɗaga inji kana lalube, fasinja na ta tsaki. Wata ranar kasuwar Argungu sau uku yana karye mini a tafiya guda. Ina duƙe ina fama sai wani abokin sana'ata ya wuce da nasa jirgin yana ɗaga mini hannu, yana tambaya ko in jefo igiya ya ja ni. Mutanen jirginsa suka kwashe da dariya, har nawa suka taya su.

Ka san halina, ban iya ɗaukar dariya ba. Ina komawa gida na samo ƙusar kankare, na yanke ta da zarto daidai tsawon fil, na zura. Damina guda cur ba ta karye ba. Nasiru, da ka ga ubanka a lokacin! Ina tafe ina hura hanci a mashiga kamar ni na ƙera injin. Ban tsaya nan ba, har na riƙa koya wa masu jirage dabarata, ina ce musu su daina wahalar da kansu.

Da na kai wa Bulus injin ya canza ringi, yana kwance farfela ya ga ƙusar. Ya riƙe ta a tafin hannu ya dube ni ya ce, "Malam Garba, wannan ɗan ƙarfe an yi shi ne domin ya mutu a madadinku. In ka hana shi karyewa, wani abu ne zai karye, kuma ba kai za ka zaɓa ba."

Na yi dariya na ce, "Kai Bulus, ɗan kan dutse, mi ka sani ga ruwa? Mu cikin gulbi anka haife mu."

Bai yi fushi ba. Ya sa fil na gaskiya, ya ƙulla mini wasu cikin takarda ya ce in ajiye a aljihu. Na karɓa na yi godiya, ina isa mashiga na cire nasa na mayar da wata ƙusar. Wannan shi ne kuskurena na fari. Ɗana, yanzu kana hannun mutumin nan, ka saurare shi. Kada ka duba daga ina mutum ya fito ko ina yake fuskanta in zai yi ibada kafin ka karɓi gaskiya daga bakinsa. Kuma duk abin da ka gani a cikin inji ya yi maka kama da wauta, ka tambayi dalilinsa kafin ka gyara, don wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne. Ni ban tambaya ba, an ma faɗa mini ban nema ba, na toshe kunne.

Da gwiwoyina suka fara ba ni labarin shekaruna, na miƙa wa yayanka jirgin. Ka san shi, mutum ne mai sanyi, ba irina ba. Shi ne ɗan farina, kunya ba ta bar ni na kira sunansa ba yana raye, ba ta bar ni na yabe shi a gabansa ba, amma a duk mashigar nan babu mai hannunsa. Wata rana yana cire ciyawa daga farfela ya ga ƙusar. Ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya tambaye ni cikin ladabi ko ba fil ya kamata a sa ba, don ya ji masu gyara suna faɗa. Ko ɗaga kai ban yi ba, na ce, "Bar ta nan. Shekara da shekaru nika aiki da ita, mi tay yi mini?" Ya ce to, ya tashi. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma cire ta a ɓoye ba, domin ni na koya masa cewa maganar uba ba a yi mata gyara.

Wannan kuskuren ya fi na farko zafi a zuciyata. Na gina gida wanda ɗa ba ya iya ce wa ubansa a'a, na ɗauka tarbiyya ce. Shi ya sa musun nan naka, da kake tsayawa ka kafe kamar jakin da ya ga gada, ko da yana ba ni haushi, a ciki ina gode wa Allah da shi. Ka riƙe ladabi, amma kada ladabi ya sa ka haɗiye abin da ka san zai cutar da mutane. In Allah Ya ba ka naka garejin da naka iyalin, wanda ke ƙasa da kai in ya zo da tambaya, ka ajiye abin da kake yi ka dube shi.

Ranar da abin ya faru ka san ta, amma ba ka san ta yadda na san ta ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya shafe gaɓa, yayanka ya ɗauki masu yankan shinkafa zai kai su fadamar Zauro da hantsi. Ambaliya ta kawo kututturen giginya ta kwantar da shi ƙarƙashin ruwa, inda jiya babu komai. Farfela ta cije shi. Da fil ne a ciki, da ƙaras za a ji, jirgi ya tsaya, a yi tsaki a canza a wuce. Ƙusa ba ta karye ba. Injin ne gaba ɗaya ya yi tsalle, hannun tuƙinsa ya bugi yayanka a gefen kai, ya ɓalle katakon bayan jirgi, suka faɗa ruwa tare. Fasinja ko ƙwarzane babu wanda ya yi, jirgin ya gangara ya tsaya cikin ciyawa. Mutumin da ke ƙetare gulbi da iyo lokacin cikarsa, sai bayan la'asar aka same shi cikin burugu.

A rana ta uku masu nutso suka ciro injin suka ajiye a gaɓa. Kowa yana kallon murfin da ya fashe, ni idona yana kan farfela. Ƙafar injin ta tsage, sandar ta lanƙwashe, ƙusata kuwa tana nan miƙe kamar ranar da na yanke ta. Da mutane suka juya suna yi wa masu nutso sannu, na durƙusa kamar mai duba ɓarna, na buge ta da dutse ta fito, na dunƙule ta a hannu. Da muka tashi tafiya na sake ta cikin ruwa.

A zaman makoki wani ya ce yaran yanzu ba su da aiki sai gudu, wani ya karɓa, kafin sadakar uku magana ta zauna cewa gudu ne ya kashe shi. Akwai wata tsohuwa cikin fasinjan da ta zo gaisuwa, na ji ta da kunnena daga bayan zana tana cewa yaron nan a hankali yake tafiya, ba gudu yake ba. Ba wanda ya bi ta kanta. Ni da ya kamata in miƙe in ce gaskiyarki, na sunkuyar da kai ina jan carbi, ana ta yaba mini haƙuri. Na bar mamaci ya ɗauki kayana, don shi ba ya iya musu, kamar yadda bai iya ba yana raye.

Nasiru, za ka yi kuskure a wurin aiki, ba makawa. Za ka ɗaure abin da bai ɗauru ba, ko ka manta wani abu a cikin injin mutane. Ranar da ka gane, ranar za ka faɗa, ko da maigidanka zai wanke ka tas a gaban jama'a. Kunyar yini guda ce. Ni na guje wa ta yini guda, ga shi shekara biyu ban ci abinci ya yi mini daɗi ba.

Yanzu ga maganar injin kansa. Duk mai jirgi ya san injin da ya sha ruwa ranar da aka ciro shi ake buɗe shi, a cire fulogi, a tsiyaye ruwan, a wanke da fetur, a ɗura masa mai kafin tsatsa ta kama. Na sani sarai. Bulus ma da ya aiko da ta'aziyya ya haɗa da saƙon a kai masa shi da sauri. Na jingine shi a kusurwar zaure na rufe da buhu, duk wanda ya tambaya in ce zuciyata ba ta iya kallonsa. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa, na san Bulus yana ganin yadda ramin sandar ya buɗe da yadda ƙafar ta tsage zai gane abin da ya faru. Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoron idonsa yana cikin abin da ya sa na ɗauki biro yau. Gara ka ji daga gare ni da ka karanta a fuskarsa.

Ga abin da zamansa a zaure ya haifar. Igiyar tayarwa ba ta jawuwa, ka gwada da kanka. Fistin ya manne, karanshaf ya ci tsatsa, ƙafa kuwa tun a ruwa ta mutu. In ka ce sai ka tayar da shi, za ka canza kai ka canza ƙafa, abin da zai rage na yayanka bai wuce fasasshen murfi ba. Za ka ɓata shekarunka na koyo kana bin kasuwa neman kayan tsohon inji, a ƙarshe ka ɗauki rayukan mutane a kan abin da aka harhaɗa. Amma akwai masu rai a jikinsa. Kafireta in an wanke za ta yi aiki, kwayil yana da kyau, tanki da tiyonsa ba abin da ya same su, farfelar ma in an buge ta za ta miƙe. A mashigarmu kaɗai na san jirage biyu da ke kife a gaɓa don rashin irin waɗannan. Ra'ayina a ba su kyauta, ladan ya je wa yayanka, duk ƙetarawar da suka yi yana da rabo a ciki.

Wannan ra'ayi ne, ba umurni ba. Ranar da muke musu na ce a yanka shi, ba wannan lissafin ne a raina ba, so nake ya watse kowa ya ɗauki nasa shaida ta ɓace. Yau da na faɗi gaskiya har yanzu ina ganin yankawar ta fi, amma ba ni da sauran bakin magana a kan injin nan. Ku buɗe shi kai da Bulus, ka duba da idonka, ka ji nasa, sannan ka yanke. In ka ga sai ka tayar da shi zuciyarka za ta kwanta, ka tayar, ba zan ce uffan ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada dalilinka ya zama wanda ka faɗa mini.

Ka tuna abin da ka ce muna tsaye a kansa a zaure? Ka dafa shi ka ce, "Baba, ni in na tada shi ba ni gudu irin na Yaya." Ba da mugun nufi ka faɗa ba, kwantar mini da hankali kake yi. Amma a nan na ga ƙaryata ta yi girma har ta shiga bakin ƙaninsa, wanda ya goya a kafaɗa ya koya wa iyo. Yayanka bai yi gudu ba. Bai yi ganganci ba. Ya ga haɗarin, ya zo ya faɗa wa ubansa, ubansa ya kore shi. Ka gyara wannan a zuciyarka, kuma duk inda ka ji an ce gudu ne ka ce ba haka ba ne, ka faɗi sunana.

Ni ma akwai nawa aikin. Har yanzu akwai masu yawo da ƙusa a farfela a gulbin nan, kuma daga bakina suka koya. Ka karɓo mini fil wurin maigidanka, ka ba direban da ke zuwa Argungu ya kawo mini da wuri. Ranar kasuwa zan tsaya a mashiga in bi jirage ɗaya bayan ɗaya in cire da hannuna, in gaya musu dalili. Mutumin da ya ƙi a yi masa dariya kan fil, yanzu zai tsaya a nuna shi da yatsa, kuma ya cancanta.

Shekaranjiya na faɗa wa innarka. Kai ka ɗauka tafiyarka ce ta sa ta yi shiru kwana biyun nan. Na same ta da rana a tsakar gida tana turara shinkafa, na tsaya a bayanta na faɗi komai yadda na rubuta maka. Ka san tun rasuwar, in ta yi masa addu'a sai ta ƙara da cewa ta sha hana shi gudu bai ji ba. Ba ta juyo ba, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana gyara itace a murhu, sannan ta ce, "Shekara biyu ina hushi da yaron ga cikin kushewatai, kana zamne kana kallona."

Tun ranar tana kawo mini tuwo ta ajiye ta koma, ba ta zama. Ban san ko za ta yafe ba, kuma ban ga fuskar da zan nema da ita ba tukuna. Ka riƙa kiranta a waya ko ba ka da abin faɗa.

Sauran nasiha ka sha jin ta har ta gundure ka. Ka tsare salla a kan lokaci, ka ci abinci kafin ka kama aiki, ka girmama gidan da ya karɓe ka, ranar da suka tafi ibadarsu ka tsare musu wuri da amana. Ba ni da ƙarfin tsawaita wa'azi yau, kai ma ka ga mai wa'azin.

Ba na cewa ka yafe mini yanzu. In ka ga ba ka iya amsa takardar nan, kada ka tilasta wa kanka, zan gane. Amma in Salla ta zo ka zo gida. In ba ka iya zama da ni, ka wuce ni a zaure ka shiga wurin innarka, ba zan ce ka yi rashin kunya ba. Ka zo dai, don ɗa ɗaya ya rage mata, kuma ni na jawo mata.

Allah Ya jiƙan yayanka, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi ladan biyayyar da ya yi wa wanda bai cancanta ba. Kai kuma Allah Ya tsare ka a tudu da ruwa, Ya tsare hannunka daga cutar da bayinSa, Ya sa albarka a abin da za ka koya, Ya maido mana da kai lafiya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba